Ranar da Ɗan Farina Ya Kai Ƙarata a Lasifika

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so in manta, 'yan tashar Jega ba za su bar ni ba.

Ni mai tuwo ce a tasha. Ban yi boko ba, ban kuma ga abin da na rasa ba. Mijina direban motar albasa ne, daga Aliero yake lodi ya yi kudu. Wata tafiya ya tafi, aka jawo motar da sarƙa, shi bai dawo ba. Na yi takaba, na fita, na ɗora tukunya. Duk wanda ya ce ya ga hawayena a lokacin, ƙarya yake yi. (Albasar Aliero ma ta gwada ni shekara da shekaru, ta gaji ta bari.)

'Ya'ya biyu ya bar mini. Ƙaramar ita ce Kulu, shekararta uku. Babban namiji ne, shekara shida, shi ne ɗan farina. Kun san yadda muka taso. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a idon mutane, ba ta yabonsa. Kunya ce. Uwata ba ta taɓa kiran yayanmu da suna ba har ta koma ga Allah, ga shi can da gemu, bai mutu ba. Ni ma haka na bi. "Kai" nake ce masa. In ya yi nisa, "Kai yaro." In ya yi abin kirki, in ƙara masa tsokar nama in juya baya. A tasha ma Innar Kulu ake ce mini, don ni na hana a haɗa ni da ɗayan sunan.

Da can ba wanda ya damu, don akwai Iya, uwar mijina, tana zaune da mu. Ita ke sangarta shi. "Angona, zo ka ba ni kuɗin cefane, ko in kai ka ƙara." Shi kuma ya ce ya sake ta, ta tsufa. Su yi ta dariya kamar marasa aikin yi. Sunansa kuwa a bakinta ya fi ƙarfin lissafi, daga safe har magariba. Bara Iya ta kwanta zazzaɓin kwana huɗu, ta bi ɗanta.

Daga nan yaro ya canza. Ya daina surutu. Sai ya laɓe bayan duron ruwa ya yi ta tona ƙasa da tsinke. Da na kau da ido sai ya mintsini Kulu, ta fasa ihu, in ɗauke ta in lallashe ta, "Kulu, Kuluna, yi shiru," shi kuma in zabga masa mafici. Gobe ya sake. Na ce mugunta ce ta fito masa, dangin uba.

Ana nan sai ga malamarsu ta zo har rumfata. Malama Safiya, yarinya siririya, da jaka a kafaɗa da murya kamar ta mai neman bashin gishiri. Ta gaishe ni, ta kira ni Maman wane, da sunan yaron tsirara a gaban direbobi. (Ba zan sa sunan a nan ba tukuna. Ku yi haƙuri, sabo ne.) Ta ce yaron ba ya wasa da kowa a aji, jiya ma ya ciji wani.

Na ce, "Ki dake shi. Ba bulala gare ku ba?"

Ta ce, "Inna, ba duka yake buƙata ba. Yaro ƙarami abu yana cinsa a rai, bai san sunan abin ba, sai ya fito masa ta haƙori ko ta farce. In aka koya masa ya ce ina jin haushi, ko ina jin tsoro, sai cizon ya ragu. Ki riƙa tambayarsa abin da yake ji."

Na ce, "Mi zai ji? Yunwa. Na kuwa ba shi tuwo."

Ta ciro wasu kwalaye daga jaka, an yanka su kamar faifai, an zana fuska a kan kowanne. Ɗaya tana dariya, ɗaya baki ya karkace ƙasa, ɗaya ta haɗe gira, ɗaya ta zaro ido. Wai kowace safiya yaro zai ɗauki wadda ta yi daidai da zuciyarsa, ya faɗi dalili. Na duba kwalin da kyau. Kwalin taliya ne. Na ce, "Malama, wanga shi ne karatun? Mu da munka taso ba a tambaye mu mi muke ji ba, ga mu nan, mun binne mutane mun tashi mun ɗora girki." Ɗan Giwa, wani direba mai jigilar Maiyama wanda bakinsa ba ya rufuwa ko yana tauna, ya ɗaga kai daga kwano ya ce, "Malama, ki zana mata ta dutse, ita ce tata." Aka yi dariya. Na ji daɗi. Malama ta tattara fuskokinta ta tafi.

Bayan kwana biyu na tarar da kwali ɗaya jingine da murhuna, mai karkataccen bakin nan. Na ce madalla, dama maficina ya tsufa. Na fifita wuta da shi. Washegari na sake ganinsa a wurin, an goge masa toka an jingine. Na sake fifitawa. Rana ta uku itace ya jiƙe, na yaga shi na hura wuta. Yaron yana tsaye bayan duro yana kallona. Ni kuwa har ina yabon kwalin a raina, ya kama da wuri. (Wannan ita ce matar da ke ganin ta fi malamar makaranta hankali.)

A makon nan Baffa ya zo. Wan mijina ne, manomi a Mungadi, mutum mai sanyin magana, irin wanda in ya faɗi abu sau ɗaya ya gama. Ya ci tuwo, ya daɗe yana kallon yaron, sannan ya ce, "Innar yara, ɗan ƙanena ya rame. Ba ni ƙwace shi gare ki, Allah ya sani. Amma zan dawo ranar da za a ba su hutu. In na tambaye shi ya ce shina bi na, to zan tafi da shi, ya tashi cikin 'yan'uwansa."

Na ce, "Ku tambaye shi. Inda yake cin nama kullum zai bari ya tafi cin tuwon gero da kuka?"

Haka na faɗa, da hannu a ƙugu. Amma da ya tafi na ƙona miya. Yaron nan, tafiyar ubansa gare shi, har yadda yake sosa ƙeya. In ya bar gidan, mijina ya mutu sau biyu ke nan. Ban faɗa wa kowa ba. Wa zan faɗa wa, tukunya?

Ranar hutu aka yi taron iyaye. An kafa rumfuna, maza gefe mata gefe, an jawo lasifika mai ƙara har bakin titi. Na sa atamfata guda ɗaya ta fita kunya, na goya Kulu, na zauna a sahun gaba don kowa ya ji ra'ayina. Baffa yana cikin maza. Ɗan Giwa ma yana nan, 'yarsa ajinsu ɗaya da yaron.

Manyan yara suka yi karatu, aka tafa. Sai Malama Safiya ta fito da ƙananan a jere, ta baza fuskokinta a kan tebur. Na ce da matar da ke kusa da ni, yadda sahu uku za su ji, "Ga kwalin taliya ya zo karɓar kyauta."

Wata yarinya ta ɗauki mai dariya ta ce tana farin ciki in babanta ya sayo mata rake. Aka tafa. Na ce, "Kai, ilimi!" Wani yaro ya ɗauki mai zare ido ya ce yana jin tsoron ragon maƙwabtansu. Na ce, "Jega ta ci gaba. Bana sai likita." Mata suna ta ƙunshe dariya cikin mayafi, ni kuma ina ƙara zama daram.

Sai aka kira nawa.

Daga baya malamar ta rantse mini cewa duk kwanakin da suka yi gwaji, mai dariya yake ɗauka, ya ce yana farin ciki in an ɗora shi a kan babur. Ranar nan ya tsaya gaban tebur, ya sosa ƙeya, ya miƙa hannu ya ɗauki mai karkataccen baki. Sabuwa ce, an sake zana ta. Na ga malama ta ɗan yi turus, amma ta durƙusa ta kai masa abin magana bakinsa.

"Wannan wace fuska ce?"

"Baƙin ciki."

"Me ke sa ka baƙin ciki?"

Yaron da ya yi wata da watanni ba a jin muryarsa a gida, sai ga ta tana fita ta lasifika har masu sayar da mai a bakin titi suna ji.

"Innata ba ta san sunana ba. Na Kulu kaɗai ta sani."

Sai wata tsohuwa a bayana ta ce, "Wayyo, ɗan fari ne!" ta fashe da dariya. Rumfar mata ta ɗauka. Ta maza ta karɓa. Duk idon da ke wurin ya juyo sahun gaba, inda na zaɓa da kaina.

Mai hankali da ta sunkuyar da kai ta yi shiru. Ni na miƙe tsaye, da goyo, na nuna shi da yatsa, na buɗe muryar da nake kiran masu gudu da kwanona.

"Kai! Sauko nan!"

Yaron bai sauko ba. Ya dubi jama'a, ya matsa bakinsa jikin abin maganar ya ce, "Kun ji ko?"

Jama'a, na ga abubuwa a duniya. Na ga an sauke gawar mijina a tabarma. Amma ban taɓa roƙon ƙasa ta tsage ba sai ranar. Shugaban makaranta ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa suna rawa. Ɗan Giwa ya zame daga kujera yana dukan cinya. Kulu ma da ke bayana ta kama dariya ba ta san dalili ba. Matar da na yi ta raɗa wa ba'a ta jawo zanena ta ce, "Zauna, baiwar Allah. Kwalin taliya ya karɓi kyauta."

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Baffa. Da aka tashi ya kira yaron gefe, ya tsuguna, a gabana ya tambaye shi, "Kana bi na Mungadi?" Yaro ya ɗaga kai. Baffa ya ce, "Don mi?" Ya ce, "Can ana kirana." Baffa ya miƙe ya kakkaɓe riga ya ce, "Gobe da hantsi, in Allah ya kai mu."

Na ce, "To." Abin da na iya ke nan. Na koma gida na zuba masa kayansa a buhun shinkafa.

Da la'asar malamar ta zo ba ni haƙuri. Na ce ta riƙe haƙurinta, ta gama aikinta, ta koya wa yaro tona asirin uwarsa. Na ce, "Ke ba ki san kunyar ɗan fari ba? Ko boko ya cinye ta?"

Ta ce, "Na sani, Inna. Ni ma 'yar fari ce. Har yau mahaifiyata ba ta faɗin sunana."

"To kin mutu?"

"Ban mutu ba. Amma gidanmu akwai kakata, akwai gwaggona biyu, akwai matar baffana. In uwata ta kau da kai, hannu huɗu ke ɗaukata. Shi wa ke gare shi tun da Iya ta rasu?"

Na ce ta tashi, ina da wanke-wanke. Tana fita ta juyo ta ce, "Sau uku ya roƙe ni kwalin nan ya kai miki gida. Kin gani?" Na ce na gani. Ban ce mata na dafa miya da shi ba.

Da ta tafi na shiga madafa na rufe ƙyaure, na gwada faɗin sunan ni kaɗai, ba kowa sai turmi. Wallahi harshena ya ƙi. Matar da ke zagin kwandasta tun daga kakansa, ta kasa furta suna ɗaya a gaban turmi.

Washegari na fita tasha kamar kullum, don ba na son a ce na ɓuya. Da na sani na ɓuya. Labari ya riga ni. Direba ya leƙa ya ce da yaron motarsa, "Kai! Sauko nan!" wancan ya amsa daga saman kaya, "Kun ji ko?" Mai shayi ya faɗa, mai faci ya faɗa. Ɗan Giwa ya zo ya durƙusa gabana ya ce, "Innar Kulu, don Allah mi ne sunana? Ina jin baƙin ciki." Na ce sunansa mai cin tuwo ba wanke hannu. Ko dariyar ban samu ba, tasu ta fi tawa.

Kuma motar Ɗan Giwa ce ke kan layin Maiyama, wanda ke bi ta Mungadi, tana tsaye daidai gaban rumfata. Baffa ya biya gida ya zo da yaron, ya gaishe ni, ya ɗora buhun a baya, suka shiga. Yaron ya zauna a cinyarsa jikin taga. Bai dube ni ba. Ni ma ban dube shi ba, ina tuƙa tuwon da ya riga ya tuƙu. Mota ta cika. Aka rufe ƙofa. Ɗan Giwa ya tayar, ya fara jan ta zuwa bakin tasha.

Yaron ya ɗaga hannu ya sosa ƙeya.

Ban san lokacin da na tsallake benci ba. Muciya a hannu, ɗankwali ya zame, takalmi ɗaya ya tsaya a rumfa. Na buɗe baki, abin ya fito da ƙarfin da ban yi niyya ba.

"Bashiru!"

Tasha ta tsaya. Ɗan Giwa ya taka birki har fasinjoji suka yi gaba. Abin da ya fi cin raina, yaron bai dube ni ba. Ya leƙa hagu, ya leƙa dama, yana neman wanda ya kira shi. Bai san sunansa da muryata ba.

Baffa ya zuge gilashi a hankali ya ce, "Innar yara, bai ji ba. Ƙara."

Ya ji. Duk Jega ta ji. Amma na ƙara. "Bashiru. Ni ce."

Ya zuba mini ido. Na matsa jikin tagar ina haki, ban san me ake faɗa bayan wannan ba. Sai tambayar malamar nan da na yi wa dariya ta faɗo mini. Na yi ta yadda na iya, kamar mai tambayar ɓarawo.

"Mi kake ji?"

Ya ce, "Haushinki."

Da jiya ne da ya sha muciya. Na haɗiye. Na ce, "Na ji. Sai mi?"

"Kin ƙone mini fuskata."

"Na ƙone. Ban kyauta ba. Sai mi?"

"Ina son Iya."

Nan ya fashe da kukan da bai yi ba ranar da aka fita da ita. Na ce, "Ni ma." Ban san yana bakina ba sai da ya fito. Na ce, "Sauko ka ji haushin nawa a gida. Ba sai ka kai shi Mungadi ba."

Baffa ya dube shi ya ce, "Kana sauka?" Ya ɗaga kai. Baffa da kansa ya miƙo mini shi ta ƙofa, ya sa aka sauke buhun, ya ce zai leƙo bayan an cire albasa ya ga ko na manta sunan. Na ɗauki yaro na saɓa a kafaɗa a tsakiyar tasha, ƙato ɗan shekara shida, ƙafafunsa suna dukan gwiwata. Wata tsohuwa a cikin motar ta tafa hannu ta ce, "Zamani! Uwa na kiran ɗan fari gaban maza, ba kunya ba tsoron Allah." Na ce, "Baiwar Allah, kunyar na sha ta jiya a lasifika, ta ƙare." Ɗan Giwa ya leƙo zai yi magana, ya dube ni, ya mai da kansa ciki ya ja mota. Ranar kaɗai na taɓa ganin bakinsa a rufe.

Ba zan ce muku na zama wata malama ba. Har yanzu ina ganin zanen nan bai yi kama da fuskar mutum ba. Amma na aika an karɓo mini guda huɗun, suna rataye a ƙusa jikin rumfata. Yaron yana juya wadda yake so in ya dawo daga makaranta, in tambaye shi dalili, in yi shiru in ji. Yin shirun ya fi tuƙa tuwon biki wuya. Mintsinin Kulu ya ragu, bai ƙare ba. Direbobi kuma sun mai da abin nasu, in nama ya yi musu kaɗan sai su juyo mini mai haɗe gira. (Su ba na tambayarsu dalili.)

Abin da na koya kaɗan ne. Kunyar nan don manya ake yin ta, ni kuwa na ci gaba da yi bayan manyan sun tafi, ba mai kallo sai yaron da ake yi a kansa. Na ƙi jin ta sau ɗaya a cikin ɗaki, sai na ji ta a lasifika, na ƙara da ta tasha.

Sunan har yau yana yi mini nauyi a baki kamar dutsen niƙa. Ina ɗaga shi kowace safiya. Shekaranjiya na kira shi ya zo ya karya, ya zo, ya tsaya yana kallona, sai ya ciro mai haɗe girar nan ya miƙo mini ya ce, "Inna, wagga taki ce."

Na karɓa. Yaron bai yi ƙarya ba.